Kayan kiɗa masu araha: daga gwangwanin tashe zuwa fiyanon kasuwa 🧵

1/
Tambayar da matasa suka fi yi min ke nan: "Yaya, ina son koyon kiɗa amma kuɗina ba su kai na babban Yamaha ba. In sayi ƙaramin fiyano mai araha, ko jitar nan ta Sin, ko in haƙura sai na tara?" Yau zan amsa wa kowa a wuri ɗaya. Ta tarihin yankinmu zan bi: Ƙaura, Shinkafi, Zurmi. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/
Amsar a dunƙule: saya. A ƙasar nan tamu ba a taɓa fara koya wa yaro kiɗa da kaya mai tsada ba. Sai dai araha iri biyu ce. Akwai wadda ke gina kunne, akwai wadda ke ɓata shi. Iyayenmu sun san bambancin tun kafin a san wani abu wai shi kamfani ko lamba.

3/
Mu koma baya. Ƙaura ta samo sunanta daga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, Zurmi kuwa gidan sarautar Alibawan ne. Shinkafi da Isa tsintsiya ɗaya suke a tarihi da auratayya, sai a 1996 da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato iyaka ta ratsa tsakaninsu. Wannan yanki, in ka haɗa da Maradun da Bakura, wallahi ba ƙaramar rijiyar makaɗa ba ce.

4/
A wancan zamani ba farashi ake fara tambaya ba, izini ake tambaya. Tambari na sarki ne, ko kana da dukiyar Ƙaruna ba ka isa ka rataya shi a ƙofar gidanka ba. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu na mahauta da 'yan dambe da 'yan mata a dandali. Garaya ta mafarauta da 'yan bori. Gangar noma ta gayya. Kowane abin kiɗa da mutanensa.

5/
To yara fa? Yara nasu gwangwani ne da kara.

6/
Duk wanda ya tashi a Ƙaura ko Zurmi ya san wannan. Azumi ya yi kwana goma, tashe ya kankama, sai a nemo gwangwanin madara ko na tumatir, a roƙi guntun fata wurin dukawa ko mahauta, a jiƙa, a ja, a ɗaure, a shanya. In fata ta gagara a sa ledar siminti ko robar tayar keke. Bayan girbi kuma karan dawa ya zama sarewa. Ko sisi ba a kashewa.

7/
Kada ku raina wannan gwangwani. Yaron da ya ɗaure shi da hannunsa ya koyi abu uku da babu malamin da ya zaunar da shi a kai: in fata ta saki murya ta mutu, in ta sha rana ko ta ji wuta murya ta tashi, in ka ja ta fiye da ƙima ta yage. Ilimin sauti ke nan tsagwaronsa.

8/
A gidajen makaɗa kuma akwai tsani. Ɗan makaɗi ba ya farawa da uwar ganga. Zai fara da ɗaukar kaya, ya riƙa bin ayari yana saurare. Sai a ba shi ƙaramin abu irin kanzagi ko kuntukuru, wanda aikinsa ɗaya ne: riƙe zubi guda, kar ka yi gaba, kar ka yi baya. Zai shekara yana wannan. Daga nan ya shiga 'yan amshi. Babban kotso ko kalangu sai hannu ya faɗa.

9/
Ku lura da hikimar. Abin da ake ba ɗan koyo shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi araha a cikin kayan, wanda in ya fasa ba a yi asara ba. Amma ba a ba shi mai ƙarya. Kuntukurun yaro da fatar kirki ake rufe shi, domin in muryarsa ta karkace duk ayarin ne zai ji kunya a gaban sarki.

10/
Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, nan ƙasarmu, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Da waƙar noma ya fara kafin ya shiga fada. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ayarin mahaifinsa ya tashi yana amshi, ya daɗe a bayan manya kafin ya ja nasa ayarin. Sa'idu Faru ma ɗan gado ne. Kassu Zurmi kuwa wurin maza ya yi suna, 'yan tauri da mafarauta. Ba ɗayansu da ya faɗo daga sama da kayan kiɗa a hannu.

11/
Shi kansa kotson da ake wa kallon kayan alfarma, mene ne a jikinsa? Itace ne da masassaƙi ya fafe, mai siririn ƙugu, baki ɗaya a rufe da fata, ɗayan a buɗe. Sai tsarkiya ta fata da ake matsewa a ƙarƙashin hannu don murya ta hau ko ta sauka. Sai nake, ɗan danƙon nan da ake mannawa a tsakiyar fatar don sauti ya yi zurfi. Da yatsu ake kaɗa shi. Shi ke nan fa.

12/
Itace, fatar akuya, danƙo. Da waɗannan aka kaɗa Bakandamiya, waƙar da har yau ake rubuta digiri a kanta a jami'o'i. In ka lissafa kuɗin kayan, ban ce za su kai na rigar da Narambaɗa ke sawa ya tafi fada ba. Tsadar tana cikin hannun masassaƙi da kunnen mai ɗaurewa.

13/
Goge ma haka. Ƙwarya, fatar guza, izgar doki, sai ƙaro da ake goga wa izgar don ta kama. Kukuma ƙanwarsa ce. Gurmi ɗan duma ne da sanda. Dukkansu a kasuwar ƙauye za ka haɗa kayansu. Kuma abin da ya fi muhimmanci: wanda ya yi maka shi maƙwabcinka ne. In ya fashe, gobe da safe kana ƙofar gidansa.

Ku riƙe wannan maganar ta gyara, za mu dawo kanta.

14/
Sai jirgin ƙasa ya iso. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Nan ne ƙarshen layi. Gyaɗa da auduga da fatu suna tafiya kudu, kayan kanti suna zuwa arewa: kananzir, gishiri, yadi, kekuna, abincin gwangwani.

15/
A fahimtata, babbar kyautar da wannan zamani ya ba ƙananan makaɗa bola ce. Gwangwanin da aka zubar da wayar birkin keken da ta tsinke sun zama kayan aiki. Ƙarfe ba ya jin damina kamar ƙwarya, waya ba ta tsinkewa kamar jijiya, kuma kyauta ne.

16/
Babban misali ba a Zamfara yake ba, a Filato yake, amma duk Bahaushe ya san shi: Adamu Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukur a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015. Abin kiɗansa kuntigi: gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, an rufe da fatar akuya, sanda, tsarkiya ɗaya tal. Tun yana yaro ya haɗa nasa da hannunsa.

17/
Da wannan gwangwanin kifi ya zaga duniya. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata wa'azi, har aka kai ana kiransa Dakta. Ban san wani abin kiɗa da ya fi kuntigi araha ba a duk faɗin Najeriya. Kuma bai canza shi ba bayan ya yi kuɗi. Da ya ga dama ai da ya sayi jita goma.

18/
Me ya sa kuntigi ya yi aiki? Domin tsarkiya ɗaya ce, kuma tana tsayawa inda aka ɗaure ta. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalma ɗaya in ka sauya mata karin murya ta koma wata. Abin kiɗan da zai raka mawaƙin Hausa dole ya riƙe muryarsa daram, mawaƙi ya jingina da shi. Tsarkiya ɗaya mai gaskiya ta fi shida masu zamewa.

19/
Yanzu mu shigo zamanin fiyano. Casio ya fara fitar da ƙananan fiyanonsa na lantarki a 1980, Yamaha ma ya biyo da nasa jerin PSR. Don gida da 'yan koyo aka yi su. Ƙwararrun makaɗan Turai kallon kayan wasan yara suke musu.

20/
Ku ji abin da ya faru a Jamaika. Wani ƙaramin Casio mai lamba MT-40 yana da wani zubin kiɗa da aka saka masa tun daga masana'anta. Wasu samari biyu a Kingston, Wayne Smith da Noel Davey, suka tsinto shi suna lalube. Suka kai wa furodusa King Jammy. A 1985 aka saki Under Mi Sleng Teng, kiɗan rege ya juya zuwa na'ura daga ranar. An ɗora ɗaruruwan waƙoƙi a kan wannan zubi guda.

21/
Irin haka ta faru a Kano. Bayan Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa yana neman kiɗa, kuma ɗauko ayarin makaɗan gargajiya zuwa situdiyo akwai tsada da wahala. Sai samari suka rungumi fiyanon Yamaha PSR. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, ga ganga ga sarewa ga duk abin da kake so a cikin akwati guda. Lokacin da Sangaya ta fito a 1999, wannan sauti ya riga ya ci gari.

22/
Wato kiɗan nanaye da kuka tashi kuna ji a bikin yayyenku, wanda ya haifi manyan mawaƙan da kuke bi a yau, a kan fiyanon gida aka gina shi. Ni ina da ƙorafi a kansa, ba zan ɓoye ba: ya sa kunnuwanmu sun saba da ganga marar rai, wadda ba ta magana kamar kalangu. Amma batun ko kayan araha na iya kafa masana'anta, tarihi ya riga ya yanke hukunci.

23/
Ga wani na kusa da gida. Mdou Moctar, Buzun Nijar, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon Hausa na lokacin. Waƙoƙin ta katin waya da Bluetooth suka yaɗu a Sahara. Yau yana cika dandali a Amurka da Turai. Wayar birkin keke dai, irin ta yaran Ƙaura.

24/
To in haka ne, me ya sa na ce akwai araha mai cutarwa?

Domin abin da ake sayarwa yau ya bambanta da gwangwanin tashe ta fuska ɗaya babba: ba kai ka yi shi ba, ba ka san wanda ya yi shi ba, kuma in ya lalace babu ƙofar da za ka buga.

25/
Wani ƙanena ya tara kuɗin aikin hutu ya sayo jita a wani shago. Tana sheƙi, ga suna an rubuta da ruwan zinare. Hunturu ɗaya ta yi. Wuyan ya lanƙwashe, wayoyin suka yi nisa da katako har sai ya danna da ƙarfin tsiya, yatsu suka yi kanta a banza. Ya ɗaure waya, kafin ya gama waƙa ɗaya ta saki. Da ya mayar, mai shagon ya ce kaya in ya fita ya fita.

26/
Asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar abin da yaron ya ce: "Ƙila ni ne ba ni da baiwa." Nan cutar take. Ɗan koyo bai san ya bambanta kuskurensa da na kayan ba. In ya danna daidai sauti ya fito a karkace, kansa zai zarga. Wata uku ya jingine ta bayan ƙyaure.

27/
Kuma yanayinmu ba ya wasa. Busasshiyar iskar hunturu tana tsotse ruwan katako, ƙura tana shiga ƙarƙashin maɓallan fiyano, zafin bazara yana sakin gam. Wutar lantarki in ta zo da hauka ta ƙone adafta. Kayan da aka ƙera don ɗaki mai sanyi a wata ƙasa, ka kawo shi Shinkafi a watan Afrilu, jarrabawa ce ta gaske.

28/
Wani zai ce to a koma na gargajiya mana, tunda shi ne mai araha. Allah sarki. Da ma.

29/
Abu biyu suka taɓa wannan hanya. Na farko, sauyin zamantakewa. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an rufe mashaya da gidajen da masu goge da kukuma da yawa ke samun na abinci. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya shafi zarenmu shi ne 'ya'yan makaɗa da dama sun kama wata sana'a.

30/
Na biyu ya fi ciwo: tsaro. Masassaƙi daji yake shiga ya zaɓi itace. Yau wa zai tunkari dajin Dumburum don neman icen kalangu? Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda dabbobi da fatu ke cika ta, tana cikin kasuwannin da aka rufe a 2021, a shekarar da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ƙauyuka sun watse. Gayyar noma ta ragu, bikin dare ya ragu, farauta ta zama kasada.

31/
Makaɗi ba ya rayuwa inda ba taro. In babu taro babu ayari, in babu ayari babu yaron da zai riƙe kanzagi. Tsanin nan da na ba ku labari a sama, matakansa na ƙasa ne suka fara karyewa. Tsofaffin da suka iya ɗaure kotso suna nan jefi-jefi, wasu a Gusau, wasu a Ƙaura cikin 'yan gudun hijira, amma masu zama kusa da su suna kallo sun yi ƙaranci.

32/
Shi ya sa ba na yi wa yaron da ya sayi fiyanon araha dariya. Sau da yawa shi ne kaɗai ƙofar da ta rage masa. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, in yana son kiɗa yau, zai fi saurin samun fiyano na hannu da bidiyon YouTube fiye da ya sami ubangidan da zai ɗauke shi amshi.

33/
Saboda haka ga yadda nake ba da shawara, da ma'aunin mutanen da.

In fiyano ne: ƙaramin Yamaha ko Casio na gaske, ko da na hannu ne, ya fi sabo dal marar asali. Nemi mai maɓalli 61. Danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, kar ka ji kunyar mai shago. In da hali, ɗauki wanda in ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in ka buga ya ɗaga murya, domin shi ke koya wa yatsa ladabi. Ka tabbata yana cin batir. Kun san halin wutarmu.

34/
A kula da jabu. Akwai masu sauya harafi ɗaya a sunan babban kamfani, ko su manna takarda a kan wani abu daban. Kamfanin bai san da zamansa ba. Duba lambar da ke ƙasan fiyanon, ka bincika ta a intanet tun kana tsaye a shagon.

35/
In jita ce, aikin ya fi yawa, domin a nan araha ta fi yin ƙarya. Ɗaga ta ka hango wuyan kamar mai duba sandar gini, ya zama a miƙe. Wayoyin kada su yi nisa da katako. Ɗaure ta, kaɗa na minti biyar, sake aunawa da manhajar saiti a wayarka, kyauta ake sauke ta. In ta zame, ajiye musu abinsu. Kuma kar ka je kai kaɗai. Tafi da wanda ya iya, ko da za ka saya masa shayi da burodi.

36/
Tambayar ƙarshe kafin ka miƙa kuɗi ita ce ta kakanninmu: in ya lalace wa zai gyara? In amsar ita ce sai an kai Kano ko Legas, lissafa kuɗin motar a cikin farashin. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa yana iya canza maka adafta ko sifika. Allon cikin fiyanon da ba a san asalinsa ba kuwa, in ya ƙone ya tafi ke nan.

37/
Wanda ba shi da ko na wannan, wayar hannunsa situdiyo ce. BandLab da FL Studio Mobile suna yin abin da fiyanon zamanin Sangaya bai yi mafarkin yi ba. Illarsu ɗaya: allo ba ya koya wa hannu nauyi da sauƙi. Haɗa da wani abu da za ka buga da tafinka, ko bokiti ne.

38/
Ni kuwa in an bar ni da zaɓina, kuɗin jitar bogi gara ka kai wa mai ɗaure kalangu. Har yanzu ana samun su, tambayi mahauta ko 'yan dambe a garinku za su nuna maka gida. Za ka biya, za ka zauna ka ga yadda ake jan tsarkiya, kuma in fata ta fashe ka san inda za ka koma. Mamman Shata da kalangu ya karɓi digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1988.

39/
Masu situdiyo a Gusau da Kano, ga roƙo: ku ɗauko tsofaffin nan ku naɗi muryar kotso da taushi na gaske, bugu ɗaya-ɗaya, ku biya su haƙƙinsu, ku zuba a kwamfuta yadda yara za su riƙa ɗora waƙa a kai. Fiyanon Japan yana da tabla ta Indiya da kwanga ta Kuba a cikinsa. Kotso babu.

40/
In a garinku akwai wanda har yanzu yake sassaƙa ko ɗaure ganga, a Moriki ne, Badarawa, Kurya ko Kasuwar Daji, ku rubuta sunan garin kawai a ƙasa, ban da suna ko lambar mutum, saboda halin da ake ciki. Zan tattara, in Allah ya yarda, mu san inda suka rage.